Allon da Ban Rubuta Ba

Lokacin da aka ƙirƙiro jiharmu aka ɗebo mu daga Kano aka juye a Dutse, ni da teburin zanena da matata da 'yarmu ta fari a goye. Aikina a ofis zanen taswira ne. Safiyo ya je ya auno fili, ya kawo mini lambobi, ni kuma in mayar da su layuka a takarda. Garin bai shirya karɓar mu ba. Ofisoshi a gidajen haya suke, wani a tsohon shago, wani a ajin makaranta, kuma babu abin da zai nuna maka wannan ƙofar ta ma'aikata ce, waccan ta gidan mutane. Na sha ganin baƙo ya yi sallama a zauren wani bawan Allah da fayil a hammata, yana tambayar inda ake sa hannu.

Shugaban sashenmu ne ya ce da ni, tunda hannuna ya saba da alƙalami, in rubuta sunan ofishin a jikin bango. Na ɗauki buroshi na rubuta kamar yadda nake rubutu a taswira, siriri mai kyau. Da na koma bakin titi na waiga, sai na ga kamar kiyashi ne suka yi layi a bangon. Babu mai karanta wannan yana kan babur. Abin ya tsaya mini a rai, na koma gida na baza takarda a tabarma.

Doka uku na kafa wa kaina: da'ira, miƙaƙƙen layi, kusurwa. Duk harafin da ba zai fito daga waɗannan ukun ba, sai na matsa masa har ya fito. Da bakin gwangwanin madara nake fitar da da'ira, da murfin kwalba nake fitar da ramin tsakiya, sauran kuma rula ce. Kaurin kowane layi yatsu uku, ba ƙari ba ragi, babu jela, babu ado. O ya fito kamar tayar mota. A ya fito kamar rufin bukka da aka gitta wa sanda. M ya tsaya da ƙafa biyu kamar ƙofar gari. Masu lanƙwasa ne suka wahalar da ni, wato Ɓ da Ɗ da Ƙ, don littafin samfurin haruffa da ke ofis bai san da zamansu ba. Na yi makonni ina gwada ƙugiyar Ƙ. In na yi ta ƙarama sai ta ɓace daga nesa, in na yi ta babba sai harafin ya zama kamar K da aka karya wa hannu. Matata ce alƙali. Ina manna takardar a bangon ƙarshen tsakar gida, ita tana bakin madafa da muciya a hannu, in ce, “Karanta.” In ta ɗan runtse ido kafin ta faɗa, na san ban gama ba. Ranar da na yi ƙugiyar rubu'in da'ira cif, ko ɗago kai sosai ba ta yi ba ta ce, “Ƙa ce.”

Saura abin da zan yanka su a jiki, in riƙa ɗorawa a allo ina buga fenti da soso. Kwali yana jiƙewa, kwanon rufi yana yanka hannu. Akwai wani mai walda a bakin kasuwa, mutumin wajen Buji, wanda muka saba don shi yake haɗa mini ƙafafun allo. Shi ya ce, “Mutumina, nemi tsoffin hotunan asibiti, na ƙashi. Ba sa jiƙa, ba sa yagewa, kananzir kawai za ka goga su koma sabbi.” Na samo damin su a Kano a wajen masu sayar da tarkace. Baƙaƙe ne masu santsi, amma in ka ɗaga ɗaya saitin rana sai haƙarƙarin mutum ya bayyana, ko tafin hannu da yatsu biyar, ko kwanyar kai da haƙora a jere. An kankare sunayen da ke gefe. A kansu na yanka haruffana da reza, ɗaya bayan ɗaya. Ƙ ta faɗo a kan ƙirjin wani, ƙugiyarta daidai ƙashin wuya. Wajen yanka ta reza ta zame mini ta yi 'yar tsaga a cikin ƙugiyar, don haka duk Ƙ da na buga tana fitowa da ɗan tsini a ciki kamar haƙorin ɓera. Babu mai lura da shi sai ni.

Matata ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ƙasusuwan mutane ba, ko da hoto ne. Na sayi akwatin ƙarfe da kwaɗo na ajiye a zaure, mukullin yana cikin zoben mukullan babur ɗina.

Cikin 'yan shekaru rubutuna ya cika gari. Ofisoshi, kantin magani, tela, tasha, bayan bas-bas masu zuwa Kano, bangon makarantun Islamiyya. Da safe ina ofis, bayan la'asar da ranakun Asabar ina ƙarƙashin wata darbejiya kusa da rumfar mai walda. Wasu masu fenti sun kwaikwayi haruffan da ido, amma nasu O ɗin yakan yi ƙwai, kaurin kuma yakan rame a tsakiya.

Da aka shigo shekarun shari'a aiki ya ninka. Ana kafa alluna a gefen titi masu tunatarwa da zikiri, wani malami ya yi Larabcin a sama, ni in buga bokon a ƙasa. Masu aski da masu abinci kuma suka fara zuwa a shafe musu hotunan mutane da ke allunansu. Wasu an yi musu magana, wasu ba wanda ya ce musu komai, gudun a ce ne kawai. Nakan shafe kawunan da farin fenti in buga haruffa a kai. Akwai wani mai aski da na rubuta wa ASKI DA GYARAN FUSKA, SHIGO. Bayan ruwan farko na damina ya aiko a kira ni. Farin ya wanke ya yi shara-shara, kawunan nan huɗu sun dawo daga ƙasa kamar masu leƙe ta bayan labule, idon ɗaya daga ciki kuma ya faɗa daidai ramin O, yana kallon duk mai wucewa. Muka yi dariya ni da shi, na ƙara shafi biyu. Amma ina shafawa ina kauce wa idon.

A wannan daminar ce, wata Asabar da hantsi, mai walda ya tsallako da wani tsoho yana riƙe da hannunsa. Ya ce malamin ƙauyensu ne, shi ya karantar da iyayensu. Dogo ne, busasshe, rawaninsa ya sha wanki har ya yi laushi, idanunsa duka biyu sun yi fari-fari da yana. Na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa masa buhu a kan benci.

Bai zauna ba. Ya taka zuwa wani allo da na jingina yana shan iska, ya kusanto da fuskarsa har na ji tsoron fenti ya taɓa gemunsa.

“Wannan ina ganinsa,” ya ce. “Shekara biyar ban ga rubutu ba, ko na allona. Ban san abin da ya ce ba, ban yi boko ba. Amma ina ganinsa. Kai ka yi?”

“Ni ne, Allah gafarta Malam.”

“Mai tuƙa katafila, yana can sama a kujerarsa, zai iya karantawa?”

“Zai karanta, Malam, in dai ya iya karatu.”

Sai ya zauna ya faɗa mini abin da ke tafe da shi. Asalinsu ba mutanen wajen Buji ba ne. A gindin duwatsun da ke gabas da gari aka haife shi, a wani ɗan ƙauye da yanzu ko tubalinsa babu. Yana da wayo aka yi annobar sanƙarau, a cikin bazara ɗaya ƙauyen ya kusa ƙarewa. Mahaifiyarsa da yayyensa biyu suna cikin waɗanda aka binne. Waɗanda suka saura suka kwashe suka yi gaba. Wajen ya koma gona, gonar ta koma saura, masu tunawa suka yi ta mutuwa har ya zama shi kaɗai. Yanzu kuma ya ji an ce an yanka wajen fulotai.

Na san wajen. Ni na zana taswirarsa da hannuna. Ba wannan kaɗai ba, a rabon da aka yi wa ma'aikata ni ma an ba ni fuloti a can, na kai yashi da tubali, ina jiran ruwa ya ɗauke in fara gini. Shekara da shekaru muna haya, ga yara sun zama huɗu. Mai walda ya san da fulotin, ya kalle ni, na kalli ƙasa.

“Me za a rubuta, Malam?”

“Ka faɗa musu maƙabarta ce. Ka ce kada su tona. Shi ke nan, kada ka ƙara komai.”

Na yi allon a kwana biyu, fari da baƙin rubutu, layi biyu: MAƘABARTA CE a sama, KADA A TONA a ƙasa. Asabar da ta zagayo muka tafi kafawa, ni na goya Malam a babur, mai walda ya ɗauko allon da diga a nasa. Wajen shiru ne, ciyawa ta kai gwiwa, ga turakun siminti na safiyo sun leƙo nan da can, ga dabinai tsilli-tsilli, duwatsun kuma sun yi baƙi saboda ruwa. Malam ya ce a kai shi gindin wata kuka. Ya dafa ta da hannu biyu, ya juya mata baya, ya saki hannun mai walda ya fara takawa shi kaɗai, leɓɓansa na motsi. Mutumin da sai an ja shi a kan kwalta, a nan ko tuntuɓe bai yi ba. Yana kauce wa wasu wurare da ni ban ga komai a cikinsu ba sai ciyawa, yana ɗage ƙafa kamar mai tsallake mutane a masallaci.

Ya tsaya ya ce, “Nan.”

Muka haƙa muka kafa. Na auna da ido, tsakanin allon da fulotina ya kai taku ɗari uku. Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, har na fara yi wa mai walda wasa. Malam ya daɗe yana addu'a, muka shafa. Sai ya juya fuskarsa arewa, saitin da tarin tubalina yake, ya tsaya yana kallo da fararen idanun nan.

“Da aka cika nan, an koma can,” ya ce. “Na yara ne. Amma yau na gaji, ɗana. Akwai saura. Zan dawo.”

Nan ne ya kamata in ce, Malam, wajen da kake kallo nawa ne, mu ƙarasa ko a goye ne. Ban ce ba. Na ce rana ta yi, kada ruwa ya tare mu a hanya. A ofis na sanar da shugabanmu zancen allon. Ya duba tsoffin takardu bai ga maƙabarta ba, amma a wannan zamanin babu mai son a ce shi ya sa aka tone kaburbura, sai ya ce in ja jan layi a kewayen kukar a bar wajen fili. Na ja layin. Zancen “akwai saura” kuwa ban kai shi ofis ba. A gida ma rabin labarin na ba matata, amma ita ta iya sauraron abin da ban faɗa ba. Ta ce, “Namu fa?” Na ce namu yana nesa.

Malam bai dawo ba. Kafin a yanke gero mai walda ya zo ya ce mini Allah ya yi masa rasuwa, bayan jinyar kwana uku. Na yi masa addu'a, na ce zan je ta'aziyya, ban je ba. Ba zan ɓoye ba, a ƙasan baƙin cikin akwai wani abu mai kama da sauƙi, kuma na ji kunyar sa.

Da kaka ta yi na ɗauki magini da leburori biyu, muka sa ranar fitar da harsashi. Na riga su zuwa da sassafe, rana ta ɗan ɗago. Tun daga nesa na hango wani farin abu a cikin fulotina. Na ɗauka wani ne ya ciro allon gindin kuka ya kawo nan don tsokana. Na waiga, na gindin kuka yana nan inda muka kafa shi.

Na kashe babur na taka. Allo ne sabo, tsayinsa da faɗinsa irin na farko, an kafa shi a kusurwar gabas, daidai inda na zana ɗakin yara. MAƘABARTA CE. KADA A TONA. O ɗin da'ira ce cif. Na ɗora yatsuna uku a kan ƙafar M, suka rufe ta ba ƙari ba ragi. Na matsa kusa da Ƙ, ina roƙon Allah kada in ga abin da na san zan gani. Ɗan tsinin yana nan a cikin ƙugiyar.

Na laluba aljihu, mukullin akwati yana cikin zobensa. Na duba gindin allon. Ƙasar ta kama ƙafafunsa ƙam, ciyawa ta bushe a jikinsu ba a tattake ta ba, babu sawun mutum, babu na babur sai nawa. Tsuntsu ko ɗaya ba ya kuka. Na ji kamar in na juya zan tarar da mutane a tsaye a bayana, ba masu mugunta ba, masu jira kawai su ga abin da zan yi.

Magini ya iso da mutanensa. Ya karanta allon ya kalle ni.

“Oga, wannan ai rubutunka ne.”

“Wasu ne ke wasa,” na ce. “Masu son fulotin ne. Ku cire ku fara.”

Babu wanda ya taɓa allon. Magini ya ce su dai za su fara daga yamma, in ya so a ga abin da hali zai yi. Suka ja igiya suka fara sara. Har azahar babu komai sai jar ƙasa da tsakuwa, na fara jin ƙarfi. Bayan mun yi salla suka juyo layin gabas. Sara na nawa ne ban sani ba, diga ta yi wata ƙara daban, irin ta abu mai rami a ciki. Leburan da ke saran ya ajiye digar ya sa hannu yana share ƙasa. Bayan tukunya ne, an fasa ta biyu an kifa, yadda ake rufe kabari. Kusa da ita wata, kusa da ita wata, a jere. Duka jerin bai fi tsawon hannuna ba. Gefensa, tazarar taku ɗaya, bakin wani jerin ya leƙo.

Leburan ya yi salati ya fito daga ramin da baya. Magini ya cire hularsa ya mayar. Ba mu ɗaga ko ɗaya ba. Muka mayar da ƙasa da hannu, ba da shebur ba, muka yi addu'ar da muka iya, kowa ya kama hanya ba sallama.

Na shiga gida ban ko cire takalmi ba na buɗe akwatin. Haruffan suna nan a jere yadda nake ajiye su. Matata ta fito ta tsaya a ƙofar zaure, ta ga fuskata, ta ga akwatin a buɗe. Na faɗa mata duka, har da maganar da Malam ya yi wadda na ɓoye. Ta zauna a kan dakali ta rufe baki da gefen mayafi.

“Maigida, ni ma akwai abin da ban faɗa maka ba.”

Ashe kwaɗon da mukulli biyu ya zo, na manta, ɗayan yana cikin kwallarta tun ranar da na saya. Ta ce bayan rasuwar Malam da kamar mako biyu, ina ofis, wata mata ta yi sallama, ta ce ita 'yarsa ce. Kafin ya cika ya bar wasiyya a kafa allo na biyu, ya kwatanta musu wajen daga kuka, taku kaza arewa. Sun ji fulotin na mai rubutun ne, suna jin nauyin tunkarata. Matar ta roƙi aron haruffan na yini ɗaya, mijinta zai gwada bugawa. Matata ta zaɓo mata su, tunda ta san su kamar ni, washegari aka dawo da su a goge.

“Na ji tsoron ka hana,” ta ce. “Kuma na ji tsoron in kwantar da 'ya'yana a kan 'ya'yan wasu.”

Na so in yi faɗa, amma dariya ce ta zo mini, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Ashe mutane ne. Ashe hannu ne da soso da fenti. Na ce mata ta kyauta, ta fi ni. A ranar na yanke shawarar zuwa ta'aziyyar da na ƙi zuwa, in kuma gode musu.

Ranar Juma'a da safe muka tafi da mai walda. Ƙauyen yana bayan Buji, sai an bar kwalta an bi yashi tsakanin gonakin da aka girbe. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar makarantar marigayi, surukinsa ya fito, wani manomi mai sanyin magana wanda yanzu shi ke riƙe da karatun. Muka yi addu'a, aka kawo fura. Sannan na ce na zo godiya, na ga allon, kuma hannunsa ya yi kyau, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan.

Ya ɗago ya dube ni. “Wane allo, Malam?”

“Wanda kuka kafa a fulotina.”

Ya dubi mai walda, ya sake dubana. Ya ce lallai iyalinsa ta karɓo haruffan, kuma ya gwada. Amma bai taɓa riƙe soso da fenti ba, bokonsa ma kaɗan ne. Fentin ya yi ruwa ya zubo ta ƙarƙashi, haruffan suka cakuɗe. Kunya ta hana shi fita da shi, ya ce sai ya sami wanda ya iya. Daga nan girbi ya taso, maganar ta kwanta, kullum tana damunsa.

“Bari ka gani,” ya ce.

Ya zagaya da mu bayan rumbu. Ga shi nan a jingine, kaji sun yi kashi a kai. Wani guntun ƙyauren katako ne, ba shi da ƙafafu. Baƙin fenti ya zuzzubo kamar hawaye, an juya wasu haruffan baya ya koma gaba, layi na biyu ma ba a gama ba, ya tsaya a KADA A.

Na tambaye shi ko haruffan sun kwana a wajen wani. Ya ce a ɗakin marigayi suka kwana, a kan buzunsa, don matan gidan sun ƙi a shigar musu da su. Ɗakin a rufe yake tun ranar sadakar bakwai, ya buɗe ya ajiye su ya sake rufewa. Na tambaya ko akwai mai fenti a ƙauyen. Mai walda ya amsa, ya ce in akwai ai da shi ya fara sani. Na juya gare shi na ce ko shi ne ya haɗa ƙafafun allon, tunda ya san da maganar tun farko. Ya ce, “Wallahi, mutumina, da ni ne da na faɗa maka a gaban mutanen nan. Kai ma ka san bakina ba ya riƙe magana.” Na san haka ne.

Surukin ya ce a kai shi ya gani. Muka dawo da shi a ranar, muka isa bayan la'asar. Ya tsaya a gindin kuka ya juya baya, ya taka yana ƙirga adadin da marigayi ya faɗa musu. Takunsa na ƙarshe ya ƙare a jikin allon. Ya shafa shi da tafin hannu, ya ce, “Allah ya karɓa daga wanda ya yi.” Bai ƙara tambaya ba, kuma na ga alamar ba ya son a ƙara.

Ni ne ban haƙura da wuri ba. Na bi masu fenti na gari ɗaya bayan ɗaya, na bi masu walda, babu wanda ya san allon. Na kankari gefensa da farce, fentin irin nawa ne, amma irin na kowa ne a kasuwa. Na yi tunanin mutum zai iya ɗora takarda a kan allon farko ya kwafe haruffan har da tsinin. Zai yiwu. Sai dai ban san wanda zai yi wannan wahalar ba, ya kuma san adadin takun da aka faɗa a ɗakin mai jinya a wani ƙauye, sannan ya ɓoye kansa.

Ranar Litinin na je wajen shugabanmu na faɗa masa abin da diga ta tarar, da maganar da na riƙe tun damina. Bai yi mini faɗa ba, ya ce in ɗauko taswirar. Na faɗaɗa jan layin da hannuna, ya cinye fulotina da wasu guda biyar. Masu su ba su ji daɗi ba, ɗaya ya yi shekara ba ya amsa gaisuwata. An yi mana alkawarin musanya, tawa ta ɗauki shekara shida kafin ta fito, a can yamma da gari inda babu ruwa kusa. Tubalin da na kai na bar shi, da shi mutanen unguwar da ta taso daga baya suka fara katange wajen. A gidan hayar nan mai ɗaki biyu aka haifi autarmu, a cikinsa kuma muka aurar da ta fari.